Muryar Baba da Ta Salwanta a Hannuna

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, har tana fita tsakar gida ba sanda. Auta ta gama jarrabawa, yanzu aikinta barci da cika mana kunne da surutu. Kawu ya zo ya kwana biyu, ya gyara ƙofar ɗakin girki da ta shekara tana kuka, ya bar ta tana kukan da ya fi na da.

Yaya, na san kin kira ni har sau huɗu ban ɗauka ba. Ba aiki ne ya hana ni ba, bakina ne ya yi nauyi. Kin ce in turo miki shirye-shiryen Baba, Allah Ya jiƙansa, don 'yarki ta ji muryar kakan da ba ta riska ba. Na amsa miki da cewa abu ne na minti biyar. To, Yaya, babu su. Sun salwanta, kuma a hannuna.

Bari in yi miki bayani yadda za ki gane. Kin san a gidan rediyon da Baba ya yi shekara ashirin da shida yana amsa wasiƙun masu sauraro, ni ne yanzu mai kula da ma'ajiyar sauti. Shekara uku da suka wuce muka kwashe duk tsofaffin kasakasai muka zuba a manyan kwamfutocin ajiya da muke kira saba. Guda goma sha biyu ne, jere a kanta biyu na ƙarfe, cikin wani ɗaki mai sanyi marar taga. Kowane shiri ana yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa a ajiye ta a saba uku daban, don ko ɗaya ta mutu a samu a sauran. Akwai kuma babbarsu mai riƙe da lissafin inda kowace gunduwa take. Duk bayan 'yan daƙiƙu kowace saba takan aika mata alamar cewa tana raye. Wadda ta yi shiru, sai babbar ta ɗauka ta mutu, ta sa a kwafo kayanta daga sauran biyun zuwa wani wuri. Ni na tsara wannan da hannuna, kuma na yi ta bugun ƙirji da shi. Da aka ce ana buƙatar ɗakin kasakasan, tunda yawancinsu sun yi funfuna, ni na sa hannu aka fitar da su. Na ce wa shugabanmu abin da ke wuri uku ba ya ɓata.

Wata ranar Talata da azahar, ina cin abinci a teburina, na'urar sanyaya ɗakin ta tsaya ba wanda ya sani. Abokin aikina, wanda muke kira Dogo, shi ya leƙo ya ce yana jin ƙauri. Da muka buɗe ƙofar, zafi ya buge mu kamar an buɗe tanda. Saba uku na kanta ta farko sun riga sun yi shiru. Ko a lokacin ban tsorata ba. Na ce wa Dogo ya kwantar da hankalinsa, na'ura za ta gyara kanta. Ta kuwa fara, muna kallon lissafin abin da ya rage yana sauka, har ya zo wani wuri ya tsaya cak.

A nan laifina ya fito fili. Shirye-shiryen Baba a mako ɗaya na zuba su, da kaina, don ban yarda wani ya taɓa su ba. A wancan makon kanta ta biyu ba ta gama haɗuwa ba, sai kwafi biyu suka faɗa kanta ɗaya. Na ce zan raba su daga baya, ban yi ba. Kwafi na uku kuma yana kan wani faifan ajiya na cikin wata saba, da ya yi wata huɗu yana kunna mini 'yar fitila ruwan ɗorawa, alamar ya fara gajiya. Kullum na wuce sai in ce gobe, ai akwai sauran biyun. Da aka matsa masa a kwashe komai lokaci guda, ya yi minti ashirin yana ƙoƙari, ya yi wata 'yar ƙara, shi ke nan.

Kwana goma sha ɗaya muka yi muna fama. Mun ciro fayafayan, mun kai wa wani ƙwararre a wancan gefen gari, ya buɗe su a gabana, ya girgiza kai ya ce zafi ya riga ya cinye su. Mun dawo da kashi tara cikin goma na ma'ajiyar. Shugabanmu har ya tara ma'aikata ya yaba mini, ya ce na ceci tarihin gidan. Suna tafi, ni kuwa ina kallon allon kwamfuta. Sunayen shirye-shiryen Baba duk suna nan, dubu da ɗari uku da 'yan kai, kowanne da ranarsa da tsawonsa. Sai ki taɓa, ba komai a ciki. Dogo ya ce in goge sunayen don in huta, na kasa.

Abin da ya tsira gunduwa ɗaya ce, daƙiƙa arba'in. Ba ma shirin ba ne, gabanin a fara ne. Baba yana ƙwanƙwasa makirufo, ya yi tari sau biyu, ya ce wa wani ya ja masa ƙofar nan, sannan ya tambaya ko ana jinsa. Iyakarta ke nan.

Jiya da la'asar na faɗa wa Umma. Tana ninke kayan wanki a kan tabarma. Na zauna na kwashe komai na gaya mata, har da fitilar da na yi wata huɗu ina wucewa. Ba ta ɗago ba, ta ci gaba da ninkewa, can ta tambaye ni ko na ci abinci. Da na kunna mata guntun a waya, sai ta ajiye zanin da ke hannunta, ta ce in sake. Sau biyar ina sakewa. Sannan ta ce mura yake yi ranar, ta hana shi fita ya ƙi ji, ya ce mutane sun rubuto suna jiran amsa. Yaya, ni na yi shekara uku ina tsaron muryarsa ban taɓa zama na saurari shiri ɗaya har ƙarshe ba. Kullum ina cewa suna nan, ba inda za su.

Zan turo miki daƙiƙa arba'in ɗin. Ki gaya wa 'yarki kakanta ya fi haka magana, kawunta ne ya yi sakaci. In kuma akwai wata tsohuwar waya a akwatinki da ya taɓa bar miki saƙo a ciki, don Allah kada ki kunna ta, kada ki ba kowa, ki faɗa mini tukuna, kada shi ma ya salwanta.

Ki gaida maigidanki da kyau, ki shafa mini kan yara. Umma tana gaishe ku, Auta da Kawu da Gwaggo ma haka. In kin karanta ki kira ni, wannan karon zan ɗauka. Ki yi mini faɗa iya son ranki, Yaya. Umma ta ƙi yi, kuma ina buƙatar wani ya yi.

Naki har kullum,
Ƙaninki