Hotonka a Bangon Mashaya

Zuwa ga ƙanena Mustafa,

Assalamu alaikum, Auta. Na san takardar nan ba za ta same ka ba. Inda kake ba a kai wasiƙa, addu'a ake aikawa, kuma ina aikawa. Amma akwai maganar da ban san yadda zan sa ta cikin addu'a ba, shi ya sa na ɗauki biro.

Muna nan ƙasar waje, a unguwar Setapak, a benen da ka bar mu shekara uku da suka wuce. Maigidana Malam bai gama digirinsa ba har yanzu, an sake dawo masa da babi biyu. 'Yata Ummi ta kai izu talatin, sai dai in na yi mata Hausa da Turanci take amsa mini. Hajiyarmu tana Kano, ciwon ƙafar ne dai. Duk wayar da muka yi sai ta tambaya ko an je an share kabarinka. Ana zuwa.

Mashayar nan ta tsallaken titi, wadda ɗalibai ke cika in ana ƙwallo, an sake buɗe ta ranar Asabar. Ba ka jima da rasuwa ba aka rufe ta, na yi hamdala a lokacin. Yanzu an yi mata fenti, an sa fitilu, an rushe baƙin bangon gaba an maye shi da gilashi tun daga sama har ƙasa. Mai wucewa yana ganin komai na ciki.

Ka san na sani, ko? Ina shanya a taga na ga ka shiga, ba sau ɗaya ba. Ban kira ka na tambaye ka ba, ban yi maka nasiha ba, ban gaya wa Malam ba. Abin da na yi kawai, na ware maka kofi. Wannan shuɗin na roba. In ka sha ruwa da shi sai in wanke shi daban, in kife shi daban. Ka lura. Ranar da ka juya shi a hannunka ka dube ni, na yi kamar ina duba miya. Daga nan tuwon Juma'a ya fara wuce ka, yau karatu, gobe ruwan sama. Sai zazzaɓi ya zo, kwana shida ya ɗauke ka. Ni da na yi shekaru a gaban allo, wa ya koya mini cewa haka ake gyara ɗan'uwa?

Ranar Lahadi zan je kanti sayen albasa, na ɗaga kai. Sun bar tsofaffin hotunan ɗalibai a bangon ciki, sun sa musu sababbin firam. Kana layi na biyu, da rigar nan mai ratsin kore da na saya maka a kasuwar Masjid India. Ta nan duk mazan unguwarmu ke bi in za su hau jirgin ƙasa ko za su masallaci. Ka san mutanenmu. Mutum ɗaya ya gani, kafin la'asar maganar ta isa Kano.

Ban gaya wa kowa ba. Litinin da hantsi, bayan Malam ya fita, na zura hijabi na tsallaka. Sau biyu ina wuce ƙofar ina dawowa. Da ƙafar hagu na shiga, kamar mai shiga banɗaki, ina ta istigfari. Ba kowa sai mai goge ƙasa da mai wurin, wani saurayi Ba'indiye, ɗan tsohon da ka sani. Ya zaci ɓatan hanya na yi. Da guntun Turancina na nuna masa hoton, na ce ƙanena ne, ya rasu. Sai ya dafe ƙirji. Mus yake kiranka. Ya ce in aka ci ƙwallo ihunka har titi, kuma kai ne kake raba faɗa in 'yan ƙasarmu sun kaure. Bai san ka rasu ba, ya ɗauka gida ka koma. Da kansa ya hau kujera ya sauke firam ɗin, ya miƙo mini hoton da hannu biyu.

Auta, dariya kake a hoton nan. Kai a ɗage, haƙora duk a waje, wani ya rungumo wuyanka. Rabona da ganin wannan dariyar tun kana firamare. A gidana ba ka taɓa yin ta ba. A gabanka kwalabe ne a kan tebur, a hannunka kuma kofin gilashi. Abin da ke ciki ruwan ɗorawa ne. Yana iya zama lemo. Yana iya zama ba lemo ba. Mutumin yana tsaye a gabana, tambayar ta zo har bakina, na haɗiye ta. Na ce wa kaina an hana mu bin diddigin mutane. Gaskiya ne an hana, amma ni tsoro ne ya hana ni.

Da na dawo na sa almakashi na yanke hoton daga ƙirjinka. Saman na ɗauka da waya na tura wa Hajiya. An ce ta daɗe tana kuka, sannan ta sa aka wanke mata shi babba, ta rataye a ɗakinta. Ta tambaye ni ina ne wannan da ɗanta yake farin ciki haka. Na ce cikin abokansa ne na makaranta. Ban yi ƙarya ba, amma na san abin da na yi. Rufin asiri ne wannan ko yaudara? Na juya, na juya, na gaji.

Ƙasan hoton yana cikin ambulan a ƙarƙashin zannuwana. Na yi niyyar ƙona shi, har na kunna ashana. Hannunka ne a jiki, da tabon nan na wuƙar Hajiya a babban yatsa. Na kasa.

Ko mene ne a kofin, Allah Ya fi ni sani, Ya kuma fi ni tausayinka. Ni dai ka yafe mini. Allah Ya haskaka makwancinka, Ya haɗa mu a inda ba a ware wa kowa komai.

Yayarka da ta yi shiru,
Rabi