Buhun Lupino na Ƙarshe

Chillán, watan Disamba

Mama,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙanena Lientur, yaya ƙafar Kaka? Ni lafiya lau nake, abinci yana isata, kada ki damu.

A gonar makaranta muna renon sabon irin farin waken lupino marar ɗaci. Aikinmu shi ne mu bi kunya muna ɗanɗana ƙwayar kowace shuka, mu tuge mai ɗaci, don kada ƙudan zuma su gauraya irin. Ranar Talata na ci karo da guda. Ɗacinta sak irin na gonar Baba. Na tsaya na kasa motsi, har ƙawata Griselda ta ce, "Ke 'yar ƙauye, addu'a kike mata? Tuge mu tafi!" Na tuge ta, Mama. Da ta ga hawayena, na ce ɗacin ne.

Lientur ya ce za ki sayar da buhun ƙarshe da Baba ya girbe kafin rasuwarsa, ki koma sabon iri. Ba zan hana ki ba, na san halin da ake ciki. Amma malamarmu ta ce tsohon iri idan ya ƙare, ya ƙare ke nan. Don Allah ki ɗebar mini cikin tafin hannu, ki adana a kwalba. Idan kuma mai saye ya riga ya zo, ki share ƙasan rumbu a hankali. Wataƙila wasu sun zube.

Allah ya ƙara miki lafiya.

'Yarki,
Kinturay