Bidiyon Baba Gola da Sabuwar Dokar Ɗakin Kwamfuta

Zuwa ga Shugaban cibiyar koyar da kwamfuta da muke zuwa a Damba, Gusau.

Assalamu alaikum. Ina gaida Alhaji da iyali da dukkan ma'aikata, da fatan an wuni lafiya.

Sunana Sanusi, mutumin Kekun Waje, ina jan motar haya tsakanin Gusau da Tsafe. Ban taɓa buga wa ƙungiyar ƙwallon garinmu wasa ba, ɗan goyon baya ne kawai, amma ni aka ɗora wa haɗa bidiyon karrama Malam Ɗanjuma, wanda muke ce wa Baba Gola. Shi ya tsare mana raga tun muna yara, daga baya ya koma horar da 'yan wasa har ciwo ya kwantar da shi.

Na farko, godiya. Kun bar ƙofa a buɗe ranar Asabar ga irinmu da ba ɗalibanku ba. Na zo muku da guntayen bidiyo daga wayoyi barkatai, wasu daga mutanen garin Furfuri, wasu daga wajen direbobin tasha. Duk sunansu MP4, amma da na jera su sai kwamfuta ta riƙa sandarewa, murya na gaba baki na binta a baya. Har na zare filashina, 'yar ma'ajiyar da na kawo guntayen a ciki, zan tafi, Malama Rabi mai kula da ɗakin ta tsayar da ni. Ta ce, "MP4 buhu ne kawai, Malam Sanusi. Sai ka duba yadda aka ɗura kayan a ciki." Abin da ake kira kodek ke nan. Sababbin wayoyi na matse hoto da H.265, wanda ke yi wa kwamfutocinku nauyi. Ta nuna min in fara juya kowane guntu zuwa babban tsari marar matsi sosai, in daidaita gudunsu, in yi yanke-yankena a kai, sai a ƙarshe in fitar da shi da H.264 don kowace waya ta buɗe. Asabar uku ta yi tana haƙuri da tambayoyina.

Bayan ƙaramar Sallah muka kai wa Baba bidiyon har ɗakinsa. Ya kalla sau biyu yana ta dariya, yana kiran sunayen yaransa ɗaya bayan ɗaya, har ya yi wa wani mai tsaron baya da ya gani a ciki faɗan barin gida a buɗe a wasan da aka daɗe da mantawa. Kafin damina ta sauka Allah Ya karɓi abinsa. Wannan dariyar da ya yi ran nan, kuna da lada a cikinta.

Na biyu, kukana. Akwai doguwar hira da Baba wadda Malam Jaɓɓi, wani makiyayi abokin Baba, ya ɗauka da wayarsa a bakin filin ƙwallo. Kaɗan na yanka na sa a bidiyon, cikakkiyar na bar ta a kwamfutarku. Bayan sadakar arba'in, 'yar marigayin, Hajiya Asabe, ta roƙe ni cikakkiyar don 'ya'yanta. Da na zo sai na tarar da sabuwar doka: saboda ƙarancin wuri, an hana babban tsarin nan, kuma duk abin da baƙi suka ajiye an matse shi ƙarami an goge asalin. Ba wanda ya kira ni, alhali lambata na cikin littafin baƙi. Na je rugar su Malam Jaɓɓi, ya ce wayar ta faɗa rafi tun farkon ruwa. Ni ma da laifina da ban ajiye kwafi ba, ban musa ba.

Abin da ya rage na kai wa Hajiya Asabe. Muryar na fita, amma fuskar ta dagule, idanu ma ba a rarrabewa. Ta kalla har ƙarshe, sannan ta yi min godiya, ta ce ko muryar ta isa. Godiyar nan ta fi min faɗa ciwo.

Don haka ina roƙon Alhaji:

1. A daina goge asalin bidiyon kowa sai an kira mai shi an ba shi mako guda.
2. A bar mu mu yi aiki da babban tsarin, ko da a kan ma'ajiyar da muka zo da ita ne.
3. A ba Malama Rabi dama ta koya wa sauran 'yan Asabar abin da ta koya min, ta fara da ajiye kwafi biyu.

Allah Ya ƙara wa Alhaji lafiya, Ya albarkaci cibiyar, Ya ji ƙan Baba Gola. Ranar Asabar mai zuwa ina nan tafe, da ma'ajiyata a aljihu.

Wassalam.

Sanusi Direba, Kekun Waje.