Zoben Ƙafar Kendi

Danau Kota, 9 ga Maris

Zuwa ga Ummata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Walida. Ya ƙafar taki?

Umma, ƙanina Fatihu yana asibiti, kuma ni na kwantar da shi.

Kin san tsuntsuwar da nake karatu a kanta, mai dogon baki lanƙwasasshe, wadda mutanen ƙasar nan ke kira kendi. Daga ƙasar Rasha take tasowa ta sauka a taɓon bakin teku. Shekara uku ina bin guda ɗaya da na sa wa zobe a ƙafa. Ranar Asabar na same ta cikin ragar mafarauta, fiffike a karye. Na kawo ta gida a kwali, na fita neman likitan dabbobi.

Da na dawo da la'asar, ƙamshin yajinki ne ya tare ni. Ga gashin tsuntsu a kwandon shara, ga zoben a kan faranti. Fatihu yana suya, har da murmushinsa. Ban tambaye shi komai ba. Na fizgi kaskon na kwaɗa masa a fuska, da man a ciki. Ya faɗi yana ihu, ni kuwa na bi shi da ƙafa har maƙwabta suka ɓalle ƙofa.

Ki yi masa addu'a. Idonsa na hagu ake ji wa tsoro.

Ɗanki,
Zahraddeen

Danau Kota, 2 ga Afrilu

Ummata,

Ina gaishe ki, ina kuma jin kunyar gaisuwar. Da fatan kina lafiya.

Idon ya tafi.

Jiya Fatihu ya yarda ya yi min magana. Ya ce ya tarar da tsuntsuwar tana shure-shuren mutuwa, sai ya yi abin da marigayi Baba ya koya mana: ya fuskantar da ita alƙibla ya yanka, kada ta zama mushe. Ya ce ƙirjin ya ware min, don ya san can nake so.

Sauran tsuntsayen sun fara komawa arewa. Shi ma Laraba zai taso gida. Ya gaya wa likita santsi ne ya kwashe shi da kasko a hannu, kuma haka zai gaya miki.

Kada ki yarda, Umma. Ni ne.

Ɗanki,
Zahraddeen