Ƙorafi Kan Ƙaramar Laimar da Aka Sayar wa Ɗana na Fari

Abdulmumini Kadri,
Shagon Kayan Miya,
Titin Bay, Stapleton,
Staten Island, New York.
Talata, 17 ga Satumba, 2024.

Zuwa ga:
Mai Girma Jami'in Tsaro da Horarwa,
Makarantar Koyon Dirowa da Laima ta Tern Hollow,
Jihar New York.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: LAIMA MAI LAMBA 150 DA MA'AIKACINKU YA SAYAR WA SABON ƊALIBI, DA ROƘON A HANA SHI TASHI DA ITA RANAR ASABAR, 21 GA SATUMBA

Bayan gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka baki ɗaya. Ni ɗan kasuwa ne, mutumin Maradi, mazaunin wannan gari tun da daɗewa. Karatuna bai yi nisa ba, Turancina kuma na ciniki ne, shi ya sa na rubuta da Hausa. 'Yata Tahiratu, wadda ke karatun aikin jinya, za ta juya takardar zuwa Turanci ta haɗa da wannan. Na roƙe ta kada ta gyara mini komai, ko a inda ta ga na yi kuskure.

Ƙorafina ya shafi ɗana na fari, mai shekara ashirin da huɗu, direban motar ɗaukar marasa lafiya, wanda ya fara koyon dirowa daga jirgin sama a makarantarku a watan Mayu na bana.

Kafin in shiga bayani, dole in faɗi wani abu, domin rashin saninsa ne ya sa aka yi mini mummunar fahimta a ofishinku. A al'adarmu uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari. Ba ya zama da shi su yi hira, ba ya yi masa faɗa baki da baki. Kunya muke ce wa wannan, kuma ba ƙiyayya ba ce. Idan uba yana da magana, ƙanensa yake ba wa, shi ya kai. Ƙanena Hamidou ne ya riƙe mini wannan aiki tun yaron yana rarrafe, har bayan zuwanmu nan ta waya yake yi, sai bara Allah Ya yi masa rasuwa a Maradi. Tun daga lokacin ba ni da mai kai mini magana. Mahaifiyarsa kuwa kunyarta ta fi tawa.

Ga abubuwan da nake kuka da su:

1. Cewa ma'aikacinku mai suna Yaw, wanda ke horar da sababbin ɗalibai, shi ya ja yaron zuwa wannan wasa. Mutumin Gana ne, tashin Zongo, unguwar Hausawa a can, yana jin Hausa, kuma yana sayen daddawa da kuka a shagona. Yana gaida ni da ladabi, yana ce mini Baba Maradi. Da na nuna masa tsorona, sai ya yi dariya ya ce sama ta fi titin zuwa Brooklyn lafiya, tunda ba rami, ba ɗan tasi mai yanke hanya. Na yi dariya ni ma. A ranar na kama hannunsa a gaban shaidu biyu na ce masa ga amana, ya zame wa yaron baffa a can inda ba ni iya zuwa. Ya ɗora hannu a ƙirji ya ce ya karɓa. Ban sa ya rubuta komai ba, domin a wurinmu ba a rubuta irin wannan.

2. Cewa duk tsawon karatunsa yaron yana dirowa ne da laimar makaranta mai lamba 230. An bayyana mini cewa kowane mai dirowa yana goye da laima biyu, wadda ake buɗewa kullum da ta ko-ta-kwana, kuma wanda ya samu takardar shaidar farko yana iya sayen tasa. A ranar Lahadi, 18 ga Agusta, shi Yaw ɗin ya sayar wa yaron tsohuwar laimarsa ta buɗewa kullum, mai lamba 150, alhali yaron bai yi tsalle arba'in ba. Da Tahiratu ta gaya mini an sauka daga 230 zuwa 150, wallahi murna na yi. A tunanina babbar laima ita iska za ta fizga ta yi gaba da shi, ƙarama kuwa ta fi sauƙin riƙewa. Har na aika wa Yaw da kwalbar man shanu ta godiya. Ya karɓa, ya bar ni cikin kuskurena.

3. Cewa a ranar Asabar, 7 ga Satumba, na rufe shago na sa Tahiratu ta tuƙa ni zuwa filinku, ba tare da yaron ya sani ba. Na tsaya bayan shinge inda 'yan kallo ke tsayawa. Na ga ɗalibai suna saukowa a hankali, wasu har suna ɗaga wa iyalinsu hannu. Sai ga wata laima mai launin ja da baƙi ta taho da gudu tana ƙara, ta wuce su duka. Tahiratu ta ce mini ga Yaya nan. Ranka ya daɗe, bai sauka ba, ƙasa ce ta tare shi. Ya ƙundumo, ya mirgina, igiyoyin suka nannaɗe shi, ya ɗan jima kwance. Duk wanda ke wurin yana kiran sunansa, har waɗanda ba su san shi ba sai a watan Mayu. Ni kaɗai na yi shiru, ina riƙe da shinge. Daga baya ya tashi yana ɗingishi yana dariya. Har yau idon sawunsa na dama a ɗaure yake.

Akwai wata dattijuwa Baturiya mai furfura da ke naɗe laimomi a rumfarku. Ban san sunanta ba, kuma ina roƙo kada a hukunta ta. Ita ce ta ja Tahiratu gefe ta tambaye ta ko ɗan'uwanta ne. Ta ce lambar nan faɗin laimar ne, kuma ƙaramar laima ita ce mai gudu, ba ta yafe kuskure. Ta ce a saninta sabon ɗalibi ana so lambar laimarsa ta kai nauyinsa da kayansa a ma'aunin fam, ko ta fi. Yarona ba siriri ba ne, jikin kakansa ya ɗauko, da kayan a bayansa ya haura fam ɗari biyu. Ta ce irin wannan laima ta mutanen da suka yi tsalle ɗaruruwa ce. A mota Tahiratu ta fassara mini duk wannan.

4. Cewa na nemi Yaw a waya a makon da ya biyo bayan faɗuwar, ya ƙi ɗauka. Da ya shigo shago ranar Laraba na tuna masa amanar, sai ya ce yaron ne ya nace, kuma yana da hannu, ya fi sa'o'insa saurin koyo. Ya ce babbar laima ta tsofaffi ce, da an yi wata biyu za ta gundure shi ya sake sayen wata. Ya ƙara da cewa shi ma da ƙarama ya fara, ga shi nan da ƙafafunsa biyu. Na tambaye shi me ya sa shi ya rabu da mai lamba 150 ɗin. Ya ce yana neman wadda ta fi ta ƙanƙanta ne. Wato mai saye yake nema, ya samu a cikin amanar da na ba shi. Ban zage shi ba. Na auna masa daddawarsa ya tafi.

5. Cewa a ranar Asabar, 14 ga Satumba, na sake zuwa, na shiga ofishinku domin in kai kuka. Matashiyar da ke zaune a teburin karɓar baƙi ta karɓe mu da fara'a, ta tambaye ni sunan ɗalibin. Na buɗe baki, sunan bai fito ba. Na nuna hotonsa a waya, na ce babban ɗana ne. Ta sake tambaya, na dubi Tahiratu, ita ta faɗa. Daga nan fuskar matashiyar ta canza. Ta tambayi Tahiratu ko da gaske ni ne mahaifin, tunda ban san sunansa ba. Ranka ya daɗe, ni na zaɓi sunan nan. Ni na raɗa wa liman shi a kunne ranar suna, kuma daga ranar bai sake bi ta bakina ba. Ba na zargin yarinyar, ba ta sani ba ne. Amma ta ce ɗalibin baligi ne, ya sa hannu cewa ya yarda da haɗarin, ba za a tattauna lamarinsa da kowa ba. Ta ce kai ba ka nan, kuma shawararta ita ce in koma gida in yi magana da ɗana.

6. Cewa na bi shawarar ofishinku. Ranar Lahadi da hantsi na same shi a falo ya miƙe ƙafar a kan kujera, ƙanwarsa tana canza masa bandeji. Na tsaya a bakin ƙofa. Na yi niyyar in dube shi, sai na ji kaina ina cewa Tahiratu ta gaya wa yayanta laimar nan ta yi masa kaɗan. Shi kuma ya amsa da Turanci, ya ce Tahiratu ta gaya wa Baba yana nan zaune a ɗakin, ba a Maradi yake ba. Ya ce aikinsa ne kwasar waɗanda suka karye, ya san abin da yake yi. Ya ce wanda ya koya masa ya ce ya isa, kuma ai Baba da kansa ya damƙa shi a hannun mutumin. Ba da tsawa ya faɗa ba. Kuma gaskiya ya faɗa. Na koma shago na zauna, alhali ranar ba na buɗewa sai azahar.

7. Cewa jakar laimar tana nan a zaurenmu, kusa da inda muke ajiye takalma. Kullum zan fita sai na wuce ta. Na taɓa ɗaga ta, ba ta kai buhun shinkafa nauyi ba. Ba zan ɓoye maka ba, na yi tunanin in kai ta shago in kulle. Na yi tunanin almakashi. Abin da ya hana ni shi ne ban san kan igiyoyin ba, ina tsoron in taɓa abin da ba zai gani ba sai yana sama. Na je wurin limaminmu na unguwar Tompkinsville, ya yi addu'a, ya ce bai san komai game da laima ba. Wani lauya da ke sayayya a wurina ya ce babu dokar da aka karya da zai iya riƙewa. Kowa yana da iyakarsa, yaron kuma ya gaya wa ƙanwarsa ranar Asabar mai zuwa zai tashi, ko ƙafar ta warke ko ba ta warke ba.

Saboda haka, cikin ƙanƙan da kai, ina roƙon ofishinka da waɗannan:

(a) A hana shi shiga jirgi da laima mai lamba 150 ranar Asabar, 21 ga Satumba, da ma bayanta, har sai kai da kanka ka auna shi da kayansa ka ga abin da ya dace da shi. An ce mini kana da ikon dakatar da kowa a filinka.

(b) A binciki yadda aka bar mai horarwa ya sayar wa ɗalibinsa kayan da shi yake neman rabuwa da su. Ba na neman a kori Yaw, yana da iyali. Ina neman kada a sake.

(c) Idan sai an sayi babbar laima, ni zan saya. A gaya wa Tahiratu irin wadda ta dace, kada a gaya masa daga ina ta fito.

(d) Wannan roƙon ba ya cikin aikinka, na sani. Ban ce a raba shi da wasan ba. Na ga fuskarsa ranar da ya fara, ban taɓa ganinta haka ba tun da aka kawo shi ƙasar nan yana ɗan shekara tara. Ina roƙo ne ka kira shi gefe, ba a gaban abokansa ba, ka zaunar da shi ka yi masa magana a hankali, yadda baffansa zai yi da yana raye. Ka gaya masa gaggawa ba ta da amfani, ƙaramar laima za ta jira shi. Zai ji maganarka. Idan ka ga da hali, ka ƙara masa da cewa mahaifinsa yana bayan shinge ranar da ya faɗi, domin har yanzu bai sani ba.

Tahiratu ta ce mini ofishinku ba zai duba takardar da ba ta da sunan ɗalibi ba. Na bar mata gurbi a ƙasa na ce ta cike. Ta ajiye mini biron ta ce za ta fassara kowace kalma, amma wannan ɗaya ba ta buƙatar fassara, kuma ba za ta rubuta mini ita ba. Takardar ta kwana a kan teburin shago gurbin yana nan fari. Yau da safe na ga Asabar tana matsowa. Idan rubutun ya karkace, a yi mini uzuri, hannuna bai saba ba.

Sunan ɗalibin: Haisam Abdulmumini Kadri.

Ina jiran amsarka kafin ranar Juma'a, ko ta waya ce, a lambar da ke jikin fassarar. Allah Ya ƙara girma, Ya sa duk wanda ya tashi daga filinka ya sauka lafiya.

Naka cikin ladabi da biyayya,

Abdulmumini Kadri,
Mahaifin ɗalibin.