Tunkiyar Inna Ba Toshi Ba Ce

Zuwa ga Mai Girma Dagacin garinmu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uba, ina fatan kana lafiya, da iyali, da fama da jama'a. Allah ya ƙara girma.

Ni ne Nafi'u ɗan marigayi Malam Sale, mai facin taya a bakin hanyar Ƙafin Maiyaki. Sau uku ina zuwa ƙofar gidanka a kan magana ɗaya. Zuwan farko aka ce ka tafi Kiru. Na biyu aka ce kana hutawa. Na uku ka fito, ka saurare ni a tsaye, ka ce in yi haƙuri, harkar mata ce. Na yi haƙurin, ranka ya daɗe, har ya fara tsami a hannuna. Shi ya sa na rubuto a fili, inda kowa zai karanta. Ban yi nisa a boko ba, a jaridun naɗe tsire na ƙarasa koyon karatu, don haka in an ga tuntuɓe a rubutun a yafe mini. Maganar ciki dai babu tuntuɓe.

Na ɗaya. Duk gari ya san na nemi Sahura 'yar Malam Tanimu fiye da shekara biyu, kuma ya san bayan ƙaramar Sallah aka aiko mini cewa an fasa, an ba wani mai sayen kuza a Riruwai. Ba kuka na zo yi ba. Mutumin nan mota gare shi, ni kuwa famfon iska. Ko ni ne Sahura sai na tsaya na yi tunani. Kuɗin gaisuwa Malam Tanimu ya dawo da su, na kuma yaba masa. Atamfa, takalmi, turare, waya, da tsiren da na yi ta jigila kamar ɗan aike, duk toshi ne, kyautar saurayi ga budurwa, na yafe duniya da lahira.

Na biyu, kuma shi ne maganar. Akwai tunkiya a gidan Malam Tanimu, fara mai baƙin kunne, wadda ba ta Sahura ba ce, ba kuma tawa ba ce. Ta mahaifiyata ce, Inna Hajara. Da kuɗin ƙuli-ƙulinta ta saye ta tana 'yar ƙarama. Daminar farkon neman nan ciwon gwiwa ya kwantar da Inna, ga shuka ta fito dole kowa ya ɗaure dabbarsa, ni kuma ina bakin titi tun safe har magariba, babu mai yanko ciyawa. Gidan su Sahura suna da harawa. Ni na ba Inna shawara a kai musu ita kiwo, bisa al'adar da ka fi ni sani: uwa ta mai ita ce, haihuwar fari ta mai dabba, ta biyu ta mai kiwo. Inna ta yarda, har tana cewa ai gida ɗaya za a zama.

Na uku, ga nawa laifin, don kada wani ya riga ni faɗa. Ranar da zan kai tunkiyar ta zo daidai da kai kayan toshin babbar Sallah. Don ƙyashin biyan kuɗin mota sau biyu, sai na haɗa akwati da tunkiya a a-kori-kura ɗaya. Muna tsayawa, Gwaggo Lami, ƙanwar Malam Tanimu, ta leƙo ta ga dabba tana saukowa bayan akwati. Ba ta tambayi kowa ba, ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa, sau uku, har karnukan maƙwabta suka amsa. Mata suka fito suna cewa kai, yaron nan ya yi bajinta, toshi har da tunkiya! Ranka ya daɗe, a nan ya kamata in ɗaga hannu in ce a tsaya, wannan kiwo ce. Ban ce ba. Kaina ya kumbura, na gyara zaman hula, na yi ta murmushi kamar wanda ya sayi shanu. Sai da muka keɓe da Sahura a zaure na gaya mata gaskiya, ta yi dariya ta ce to Alhajin aro, ta ji, za ta faɗa a cikin gida. Ko ta faɗa ko ba ta faɗa ba, tana nan da ranta, a tambaye ta.

Na huɗu. Yanzu da na je karɓa, Malam Tanimu ya ce shi bai san da zancen kiwo ba, in je wajen mata. Na je wajen mata, Gwaggo Lami ta tare ƙofa ta riƙe ƙugu, wai abin da aka yi wa guɗa ba ya komawa, wai in ina jin haushin an ƙi ni in je in hura tayoyina. To Gwaggo, ina hurawa, kuma da su nake ci. Amma a amsa mini wannan: in kyauta ce, me ya sa duk wata Inna take aika dusa da kanwa gidan, ana karɓa ana godiya? Wa ya taɓa ba da kyautar dabba ya ci gaba da ciyar da ita shekara biyu? Kuma da tunkiyar ta yi haihuwar fari, wa ya aiko wa Inna albishir cewa ragonta ya iso, har ta ba da goron albishir? Sahura ce. Na kai maganar gaban limamin unguwarmu, ya ce guɗa ba shaida ba ce, kuma ko da bakina na furta kyauta, ba a kyauta da abin da ba naka ba. Ya ƙara mini da faɗa a kan son a yabe ni, na sunkuyar da kai na sha, don na cancanta.

Na biyar, abin da ya sa nake gaggawa. Tunkiyar ta haihu sau biyu: rago a farko, tagwaye a na biyu. Wani dillalin dabbobi da ya kawo mini facin babur ya shaida mini an kira shi ya taya duka huɗun, za a kai su Ƙafin Maiyaki ranar kasuwa mai zuwa, a haɗa kuɗin gado da katifar amarya. Ka san in dabba ta hau motar Kudu, sai dai labari. Ban hana Sahura gado ba. Amma a ce angon Riruwai, da motarsa da komai, zai miƙe ƙafa a kan ƙuli-ƙulin uwata? Haba, ranka ya daɗe!

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Ka aika a dakatar da sayarwa kafin ranar kasuwa. Ka tara mu, ni da Malam Tanimu da Gwaggo Lami da liman, ita kuma Sahura a tura dattijuwa ta ji ta bakinta, ba na son a tsayar da ita gaban maza. In ta ce ban taɓa gaya mata kiwo ce ba, ta dafa Alƙur'ani, ni kuma in juya ba zan sake waiwayowa ba. In ta faɗi gaskiya, a ba Inna uwar da ragon. Tagwayen na Sahura ne, ta yanko musu ciyawa da hannunta, halak malak, ta sayar ta sayi abin da take so.

Saura abu ɗaya. Har yau Inna ba ta san da zancen guɗar nan ba. A saninta dabbarta tana gidan mutunci ana kiwo, jiya ma cewa ta yi in bari a gama bikin kafin in karɓo, kada a ce mun yi ƙaranta. Ba ta karatu, amma na san garin nan, kafin la'asar wata za ta shiga ta karanta mata har da ƙari. Don haka ina ajiye biro zan shiga in durƙusa in gaya mata da bakina cewa ɗanta ya yi ado da dukiyarta a gidan surukai. Wannan hukuncin ni zan ɗauka. Naka shi ne kada in shiga mata da kunya kawai, babu igiya a hannuna daga baya.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon yin adalci tsakanin mai mota da mai faci, ya sa ka gama lafiya. Sahura kuma Allah ya ba ta zaman lafiya a ɗakinta.

Wassalam.

Ɗanka,
Nafi'u Mai Faci