Na Shida da Ba Ki Ƙirga Ba

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum, Inna. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan Allah Ya yalwata makwancinki. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike, amma raina a ɓace yake, kuma da ke nake.

Hauwa matar Sani ta haihu, namiji, zabiya fari sol. Sani, autan naki, ya ɗaga zanen jaririn sau ɗaya, ya ce babu irin wannan a danginmu, ya kwance jirginsa ya yi cikin tafki. An yi suna ba ya nan. Yau sati uku Hauwa na gidan ubanta, Kawu, tana kuka, matan kasuwar kifi kuwa har sun gama nema wa yaron uba.

Ni da nake koyar da 'yan mata ilimin halittu tun da aka ba mu jiha aka maido ni Yelwa, ga shi na kasa koyar da ƙanena. Na bi shi tungar masunta na ce masa gado iri biyu ne. Akwai mai rinjaye, wanda daga gefe ɗaya ma ya isa ya fito, kamar cindon Baba da ya bi Yaya Ladi, ya bi 'yarta, ba wanda ya ce uffan. Akwai kuma mai laɓewa: mutum na ɗauke da shi bai sani ba, ba ya bayyana sai yaro ya karɓo wurin uwa ya kuma karɓo wurin uba. Sani ya ce in ajiye bokona, in nuna masa zabiya ɗaya a gidanmu.

Na zana dangi kaf a takarda, tun daga kakanni, kowa ƙarƙashin iyayensa. Ban sami zabiya ko ɗaya ba, domin da ƙirgenki na yi aiki. Kullum kina cewa ku biyar aka haifa ɗakinku. Na manta halinki. In an tambayi yawan 'ya'yan wata, masu rai kaɗai kike lissafawa, ki ce, "Wanda ya tahi, a bar shi shi kwanta."

Sai da na shiga kwalekwale har Warra wurin yayarki, Iya Asabe. Ta ce ku shida ne. Akwai Garba, mai bi miki, zabiya. Rana ta cinye masa fata, ya rasu yana yaro tun kafin ruwan dam ya tashe ku daga tsohon gari. Kabarinsa na ƙarƙashin tafki.

Haba, Inna. Ke da Kawu kun ɗauko abin nan ɗaki ɗaya, ke kika ba Sani, shi ya ba Hauwa, kuma ke da kanki kika haɗa aurensu. Ban ga laifin auren ba. Shirun ne ya ƙona min rai. Shekara nawa kina ba mu labarin tsohon gari, har kukar bakin masallaci mun sani, amma ƙaninki ko sau ɗaya.

Iya ta ce ke kike goyonsa, ke kika saƙa masa malafa, kuma da ya rasu kwana uku ba ki sa komai a baki ba. Nan fushina ya yi sanyi. Ashe ba kunyarsa kike ji ba, sunan ne ba ya fita a bakinki.

Na koma wurin Sani da takardar, na ƙara Garba a kusa da sunanki. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce Iya ta tsufa, ta fara ruɗewa. Yana gyaran tarunsa, bai ɗago ba, ya ce, "Da Inna ta hwaɗi da bakinta, da na yarda."

To, kin ji. Shaidarki kaɗai yake so, ni kuwa ba ni da inda zan samo masa ita.

Allah Ya gafarta miki, Ya haɗa ki da Garba a inuwar da rana ba ta ƙuna. Ya raya jikanki, Ya wanke Hauwa, Ya juyo da jirgin ɗanki gida.

Taki har kullum,
Rabi